Tashoshinmu na gasa, guba na neman ƙofa mai araha

A daren 19 ga Agusta 2006 motocin tanka suka riƙa fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Abidjan, suna zubar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi a juji da bakin unguwanni. Gari na wayewa jama'a suka tashi da amai da ciwon kai da zafin ido. Sama da mutum 100,000 suka nemi magani, aƙalla 15 suka rasu. Dattin ya fito ne daga jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya ɗauka haya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar da jirgin ya biyo. A Amsterdam aka fara sauke dattin. Da aka auna aka ga irin gubar da ke ciki, kuɗin sarrafa shi ya ninka sau da yawa, sai aka mayar da shi cikin jirgi. Ya ya da zango a Legas, bai rabu da shi ba. A Abidjan ya samu wani sabon ƙaramin kamfani da ya karɓa a farashin banza. Da tashoshin nan suna tsegunta wa juna abin da jirgi ya ɗauko da dalilin da aka ƙi shi, da labari ya riga shi isa.

Kuma ba shi ne karon farko ba. A 1988 an jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Irin wannan ne ya haifi yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da sharar guba Afirka. A 1999 kuma aka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar binciken jiragen waje a tashoshin yammaci da tsakiyar nahiyar. Takardu kam akwai su.

Matsalar ita ce gasa. Lome da Kwatano da Tema da Abidjan, ga Lekki da ta fara aiki a 2023, kowacce na zawarcin jirage iri ɗaya. Wadda ta tsananta bincike tana tsoron jirgi ya wuce maƙwabta, don haka kowa ke sassautawa. Ƙasashen tekun Baltik da ke arewacin Turai sun samo dabara mai sauƙi: kuɗin karɓar dattin jirgi yana cikin kuɗin shiga tasha, ka sauke ko ba ka sauke ba sai ka biya. Matuƙi ba shi da ribar zubar da baƙin mai a teku cikin dare. Amma wannan ba ya aiki sai duk tashoshin gaɓar sun ɗauka tare, kuma kowacce ta gina wurin karɓar dattin da sarrafa shi, tun daga Dakar har Duwala. Abin da nake kira a yi ke nan.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce ina ruwan biri da gada. To, atamfar da ke Kantin Kwari da shinkafar da ke kasuwar Yamai ta waɗannan ƙofofi yawancinsu suke shigowa. Mun gani a 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanville, a kan iyakar Nijar da Benin: tireloli suka yi layi makonni, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Tashar da guba ko malalar mai ta tsayar da aikinta, haka za ta yi mana.

Nijar da Chadi mambobi ne a ƙungiyar sufurin teku ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wadda aka kafa a 1975. Kayansu ne tashoshin ke rububi. Duk lokacin da za su ƙulla yarjejeniyar wucewar kaya da wata tasha, su sa sharaɗin tsafta da musayar bayanan jirage a cikin takardar, kusa da farashin kwantena.