Na Yi Odar Littafi, Faifan Garmaho Ya Iso

Littafin da ke jefa mutum cikin sha'anin tara littattafai a kan Star Trek, shirin talabijin na tafiya sararin samaniya, kusan kullum ɗaya ne: The Making of Star Trek, wanda Stephen E. Whitfield ya rubuta, aka haɗa sunansa da na Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, a bango, kamfanin Ballantine ya buga a watan Satumba na 1968. A lokacin shirin yana kan tafiya a tashar NBC ta Amurka, inda ya fara a 1966 ya tsaya a 1969 bayan kashi 79. Ɗan ƙaramin littafi ne mai bangon takarda, na zurawa a aljihu, kuɗinsa a wancan zamani bai kai dala ɗaya ba. Amma a cikinsa akwai takardun da ma'aikatan situdiyon Desilu ke aika wa juna, da zanen ɗakunan kumbon Enterprise, da labaran yadda ƙarancin kuɗi ya sa mutane dabara.

Dalilin ƙirƙiro na'urar nan da ke ɓatar da mutum a kumbo ya bayyana a doron wata duniya shi ne ba su da kuɗin nuna saukar kumbo kowane mako. Ƙofofin da ke buɗe kansu kuwa, wasu bayin Allah ne laɓe a baya suna ja. Wasu daga kayan aikin Likita McCoy kwalaben barbaɗa gishiri ne, an sayo su don teburin cin abinci, aka ga fasalinsu ya yi baƙunta da yawa, mai kallo ba zai gane na gishiri ba ne, sai aka miƙa wa likita. Akwai kuma ranar da aka shafe Majel Barrett, ɗaya daga 'yan wasan shirin, da koren fenti don gwaji, fim ya dawo daga wanki fatarta fes, aka ƙara fenti, ya sake dawowa fes. Ashe mai wankin fim ne yake zaton kuskure ne, yana ta gyara musu launi.

Matsalar littafin ita ce da amincewar Roddenberry aka rubuta shi, don haka duk wani abin kirki daga ƙwaƙwalwarsa ya fito. Mai son jin ɗaya ɓangaren sai ya nemi Inside Star Trek: The Real Story, na Herbert Solow da Robert Justman, wanda Pocket Books ya fitar a 1996. Solow shi ne babban jami'in Desilu mai kula da shirin, Justman kuma shi ke fama da kasafi da jadawali kullum. A wurinsu za ka ji yadda Roddenberry ya rubuta wa kiɗan buɗe shirin baitoci, waɗanda ba a taɓa rerawa a cikin shirin ba, amma suka ba shi rabin kuɗin haƙƙin da Alexander Courage, mai kiɗan, zai samu. A ganina duk wanda ke da na Whitfield ba shi da wannan, shaida ɗaya ya saurara ya yanke hukunci.

Shi na shiga nema a intanet. Na ga Inside Star Trek a farashin da ya fi na kowa sauƙi, da sunan Roddenberry a jiki, dillalin ya rubuta cewa ba karce ko ɗaya. Na ce lallai wannan mutum ne mai tsafta. Na biya, aka kai wa masu ɗauko mini kaya daga Amurka. Da ya iso sai yaron ofishinsu ya kira ni.

"Yallaɓai, kayanka ya iso, amma fa kuɗin awo ya ɗan hau."

"Haba, littafi ɗaya ne fa."

"To yallaɓai, mun buɗe mun duba. Littafin naka zagayayye ne, da huda a tsakiya."

Ashe a 1976 kamfanin Columbia ya fitar da faifan garmaho mai wannan suna sak, Roddenberry yana hira da 'yan wasa a ciki. Alamar tana nan a tallar ga mai ido: shekara 1976 ce, ba 1996 ba, babu sunan Solow ko Justman, babu adadin shafuka, kuma ba a yabon littafi da rashin karce. Kuɗin awon ma da lissafinsa. Masu jigilar kaya ta sama suna auna nauyi, su kuma auna girman kwali, su caje ka da wanda ya fi yawa. Tsawo sau faɗi sau tudu a santimita, a raba da 5000 a wurin yawancinsu. Kwali mai 35 da 35 da 10 ya tashi kusan kilo biyu da rabi ke nan, ko da iska ce da tsummoki a ciki. Faifan kuma ya sha zafi a hanya ya lanƙwashe, ga shi ba ni da garmahon sa shi.

Wannan tarko na maimaita suna ya cika fagen. The Trouble with Tribbles na David Gerrold, bugun Ballantine na 1973, shi ne labarin yadda ya rubuta kashin nan na 'yan halittu masu gashi da suka cinye hatsin tashar sararin samaniya ta K-7, tun daga tunanin farko har ɗaukar fim. Amma akwai wani mai wannan suna da Bantam ya fitar a 1977, hotunan kashin ne zalla da maganganu a cikin 'yan da'irori. Leonard Nimoy kuwa, wanda ya fito a matsayin Spock a shirin, ya rubuta I Am Not Spock a 1975, wato shi ba Spock ba ne, bayan shekara 20 ya dawo da I Am Spock. Na biya kuɗi na ji ya ƙi, na sake biya na ji ya yarda. Maganin duk wannan shi ne kada ka nemi littafi da sunansa kaɗai. Haɗa da marubuci, da kamfanin ɗab'i, da shekara, sannan ka ce a turo maka hoton shafin haƙƙin mallaka, wanda ke bayan shafin suna.

A wannan shafi ake kama masu cewa "bugun farko". An sake buga littafin Whitfield sau da yawa, kuma kowane bugu yana ɗauke da layin da ke cewa an fara bugawa a Satumba 1968. Dillali sai ya karanta layin sama ya ninka farashi. Kai ka karanta na ƙasa, inda aka ambaci bugun da ke hannunka. Idan jerin lambobi ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce bugun. Farashin da ke bango ma shaida ne: in ya haura dala, ba na farko ba ne. Kalmomin da suke auna lafiyar littafi su ma sai da hattara. Fine shi ne mai kyau da gaske, Very Good ya ɗan sha hannu, Good ya sha wuya, Acceptable kuwa yana nufin shafukan suna nan, sauran sai haƙuri. In an ce daga laburare ya fito, to ka sa ran hatimi da aljihun kati da salatef.

Wasu kuma gutsure ake sayar da su. Star Fleet Technical Manual na Franz Joseph, bugun 1975, jan littafi ne mai taushi da aka zura cikin baƙin bango mai tauri, kuma ana yawan samun jan shi kaɗai. Zanen gini na Enterprise da shi Joseph ɗin ya yi falle 12 ne a cikin jakar roba, sai ka sa a ƙirga maka. Waɗannan biyun ma ba labarin bayan fage ba ne, an rubuta su ne tamkar kumbon na gaske ne, amma ban taɓa ganin kantar mai tarawa ba su a kai ba. Star Trek Concordance na Bjo Trimble, bugun 1976, yana da wani faifan kwali mai juyawa a bango na nemo kashi da shafinsa. Tambayi dillali ko yana juyawa. Nawa ya iso yana juyawa lafiya, sai da ƙaramin ɗana ya gano cewa sitiyari ne.

Sai babbar magana, wato jikin littattafan. Masu bangon takarda na shekarun 1960 da 1970 ba ɗinka su aka yi ba, fallaye ne aka jera aka shafa wa ƙeyarsu gam, takardar kuma mai arha ce mai sinadarin asid, shi ya sa take komawa ruwan ƙasa tana karyewa. Gam ɗin ya riga ya tsufa, hunturu kuma ya ƙarasa busar da shi. Na shimfiɗa na Whitfield a tebur don in duba hotunan da ke tsakiya, sai na ji ƙas, littafi ya zama biyu. Irin wannan ba a buɗe shi ya wuce kusurwar da ke tsakanin bangon ɗaki da ƙasa, kuma a tafin hannu ake tallabe shi.

Na kai wa wani dattijo mai ɗaurin littattafai a kasuwa, wanda aikinsa a kan manyan littattafan karatu ba shi da na biyu. Na ce, "Baba, gam kaɗai za a ɗan shafa masa." Ya jujjuya shi ya ce, "Yaro, wanda ya ɗaura wannan bai ji tsoron Allah ba. Bar mini shi." Da na koma, ya huda shi da basilla daga gaba har baya, ya ɗinke da zare mai kauri, ya sa wuƙar inji ya datse gefunan da suka yi duhu, ya lulluɓe shi da koren kwali. Asalin bangon mai hoton kumbo kuwa ya cire, don a cewarsa ya tsufa. Yanzu littafin zai kai jikokina, sai dai ɗinkin ya cinye farkon kowane layi a shafin dama, ga shi a kasuwar masu tarawa ba ya da daraja ko ta kwabo. Gyaran da ya kamata mai sauƙi ne: farin gam na PVA marar asid, a shafa siriri a tsagar da ɗan buroshi, a sa takarda mai santsin kakin zuma don kada shafuka su manne, a rufe, a danne da nauyi kwana guda. Salatef kuwa haramun ne, yana yin rawaya ya bar tabon mai da ba ya fita.

Damina ta zo da nata. Danshi in ya yi yawa fumfuna ke tsirowa, don haka kanta ta bar jikin bango, ta kuma tashi daga ƙasa saboda gara. Kyankyaso da 'yan ƙwarin nan masu launin azurfa gam da sitacin takarda suke bi. Na buɗe na Gerrold na ga sun fara yi masa ado a gefe. Abin da masu adana littattafai ke yi shi ne daskarar da su: a sa littafin busasshe cikin leda mai zif, a matse iska, a ƙara leda ta biyu, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na kamar mako guda. In an fito da shi ba a buɗe ledar sai ya kwana ya huce, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan takardar.

Waɗanda suka tsara wannan hanya ba a ɗauke musu wuta, kuma ba sa raba firiza da uwargida mai sana'ar zoɓo. Ni leda ɗaya na samu, na cusa shi a can ƙasa. Aka ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke, wasu ƙullin zoɓo suka fashe, zif ɗin kuma ashe bai kama ba a ƙarshe.

"Maigida, zo ka ga wani abu," in ji ta, tana riƙe da shi da yatsa biyu yana ɗiga. "Wannan nama ne ko karatu?"

Jiƙaƙƙen littafi ba a kai shi rana, ba a sa masa dutsen guga. Ana tsayar da shi a buɗe kaɗan a gaban fanka, a riƙa sa farar takarda mai tsotse ruwa bayan kowane shafi 20 ana canzawa, in ya kusa bushewa a danne shi. Haka na yi, da mafici, tunda fankar ma wuta take jira. Ya bushe ja wur, ya kumbura ya kusa ninka kaurinsa, yana ƙamshin citta da kanumfari. Ƙwarin dai sun mutu, ko sanyi ne ko zoɓo. Uwargida ta lissafa ƙullin da suka fashe ta ce a kaina suke, ni kuma na duba shafukan na ga duk suna nan, don haka a ma'aunin dillalai har yanzu Acceptable ne.