Karayar zuciya ce ke damun su

Malam, na karanta rahotonka da ka ce matasan Jos sun zama cima-zaune, ba su da aiki sai zaman majalisa da shan shayi. Wallahi kalmar lalaci da ka yi amfani da ita ta yi mini zafi.

Yayana yana da shagon atamfa a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002. Mutum ne da tun kafin assalatu ya yi wanka ya ɗauki makullinsa. Da ƙyar ya sake haɗa jari, rikicin 2008 ya cinye shi. Tun daga nan, duk sana'ar da ka kawo masa sai ya ce, "Bari kawai, ƙanena." Har yau makullin tsohon shagon yana cikin aljihunsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun san wannan ciwon. A 1967 Martin Seligman na Amurka ya yi gwaji da karnuka, ana jona musu lantarki babu hanyar gudu. Da aka buɗe musu hanya daga baya, da yawansu suka kwanta suna kuka, ko yunƙurawa ba su yi ba. Allah ya sani ba haɗa mutum da kare nake yi ba, amma zuciya takan koyi cewa ƙoƙari ba ya canza komai.

Watan jiya na roƙi Yaya ya riƙa tsare mini teburin goro na awa biyu da safe. Shekaranjiya da bakinsa ya tambaye ni nawa ake sayar da huhu yanzu.