Ƙwarin wake ba iri ɗaya ba ne

Yana damuna jin manoman Maradi na cewa duk ƙwaron da ya huda wake ɗaya ne. Ba laifinsu ba ne, duka ƙanana ne, launinsu kusan guda.

Amma a nan iri biyu ne. Ka ɗora su bisa farin faranti ka duba da kyau. Macen Callosobruchus maculatus tana da manyan tabo baƙi biyu a gefen fikafikai. Bruchidius atrolineatus kuwa zane-zanen baƙi gare shi, dogayen gashi biyun da ke goshin namijinsa kamar mataji suke.

Na biyun tun daga gona yake shigowa, da rani haihuwarsa ta tsaya. Na farkon shi ne abin tsoro, domin yana ta hayayyafa cikin buhu har waken ya zama gari, sai dai in an rufe shi a buhun PICS da iska ba ta shiga.