Ba a gayyatar dattijo da hoton da aka turo

Jama'a, abin da ya faru ranar Asabar a unguwar Mabera ta Sakkwato bai kamata a bar shi ya wuce haka ba. An ɗaura aure ƙarfe 11, kawunnan amarya suna zaune gida suna jiran ƙarfe 2, domin lokacin da ke jikin katin gayyatar da jikokinsu suka nuna musu a waya ke nan. An sauya lokaci, an gyara kati, an ɗora sabon a sitatus na WhatsApp, aka ɗauka an sanar da kowa. Wannan sakaci ne, kuma ya yi min zafi. Dattijo ba a gayyatarsa da hoton da aka turo. Ana taka ƙafa a je, a durƙusa, a ce "Kawu, an sa ranar 'yarka," a miƙa kati da goro ko alewa.

Masu cewa katin waya ya fi sauƙi, na ji ku, amma ku san yadda yake aiki tukuna. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya zuwa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Turawa ta jerin burodkas, wato saƙo ɗaya zuwa lambobi da yawa a lokaci guda, ma haka take: mutum 256 take ɗauka, wanda bai adana lambarka ba saƙon ba zai taɓa isa wayarsa ba, kai kuma kana ganin ka tura. Babbar matsalar ita ce tsohon hoto ba ya mutuwa. Da zarar ya fita daga hannunka, yana yawo guruf-guruf, ka gyara sau uku, na farkon ne zai ci gaba da zagayawa. Ga matse hoto da manhajar ke yi, ƙananan rubutu su dushe, har 11 ta yi kama da 17. In dole ne, tura shi a matsayin PDF, ka rubuta rana da lokaci da masallaci a ƙasa da rubutu zalla, mai ƙaramin data ma ya gani. Kuma duk "katin biki" da ya zo maka sunansa ya ƙare da apk, kar ka buɗe. Manhaja ce ta ɓarayi, mai karanta saƙonnin banki.

Masu cewa takarda tsada gare ta, wa ya ce a buga dubu? Zauna da uwa da uba a lissafa gidajen da wajibi ne a shiga: kawunnai, gwaggwanni, surukai, liman, mai unguwa, maƙwabtan jikin katanga. Da wuya su wuce 80 zuwa 100. Wannan adadin bugun injin dijital ya ishe shi, ba sai an yanka farantin da babban injin bugu ke aiki da shi ba, domin faranti sai bugu ya yi yawa yake biyan kuɗinsa. Takardar A3 ɗaya kati 4 take fitarwa a girman A5, wato takarda 25 ta ba ka kati 100. Ka nemi mai kaurin giram 250 zuwa 300, ƙasa da haka lanƙwashewa take yi a aljihun riga. Ka ce wa mai zanen ya yi aikin a CMYK, wato tsarin launin injin bugu, in ba haka ba shuɗin da ya burge ka a fuskar kwamfuta zai fito a dushe. A bar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. Sannan kar ka yarda a buga duka sai an fitar maka da guda ɗaya ka kai gida, mutum biyu su karanta a bayyane. A nan ne ake kama ƙ da ɗ da suka koma akwati saboda salon rubutun bai san su ba, a nan ake kama sunan mahaifi da aka juya. In an yi masa leda, kar a bar shi kan dashbod a ranar Sakkwato, zai kumbura ya ɓare.

Mako biyu kafin rana a gama rabo. In lokaci ya sauya bayan haka, duk gidan da aka kai kati a kira shi da murya, ko a tashi yaro da mashin. Katin waya na abokan makaranta ne da 'yan uwan da ke Abuja da Yamai, kuma ya yi musu daidai. Amma wanda ya goya uwar amarya, a je masa gida. Kuɗin man mashin bai kai nauyin ranar da zai ce ba a gaya masa ba.

Tunda maganar bugu muke, don Allah masu kai aiki ku daina sa a rubuta Bisimilla da ayar Suratur Rum a saman kati. Ku je ƙofar masallaci bayan an watse ku gani: katunan nan a ƙasa, wasu an yi fifita da su an yar, wasu yara na kwashe shara da su. Ga shi wasu masu zanen Larabcin yana fito musu a rarrabe, haruffa a juye daga hagu, ba mai dubawa. "Da sunan Allah" ɗin ma ni na fi son a bar shi a bakin mai kai katin.