Ku ƙyale John Deacon ya huta!

Wallahi raina ya ɓaci da hoton nan na John Deacon, tsohon makaɗin ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Queen, da ake ta yawo da shi. Dattijo yana tafiyarsa a bakin titi a Landan, wani ya laɓe ya ɗauke shi ba da saninsa ba, ku kuma kuna ta turawa kuna cewa wai duniya ta juya masa baya. Wace duniyar? Mutumin da ya ajiye jitarsa da hannunsa tun 1997, ba wanda ya kore shi, shi ne abin tausayi a wurinku?

Ku ƙyale bawan Allahn nan. Shi ya zaɓi shirun nan da kansa.

Har da masu cewa ai ɗan rakiya ne a Queen, tunda jitar bas, wato mai amo mai kauri, yake kaɗawa a can baya. Jama'a, a riƙa bincike kafin a buɗe baki. Shi ne na ƙarshen shiga ƙungiyar a 1971, shi ne ƙaraminsu, bai cika shekara 20 ba. Bai yar da karatu don kiɗa ba, sai da ya kammala digirinsa a fannin lantarki a Chelsea College da sakamako mafi daraja. Tarkacen da ya tsinto a bola ya harhaɗa ya yi ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, wadda Brian May, makaɗin jitar ƙungiyar, ya yi shekaru yana naɗar jitarsa da ita. Kuma shi ya rubuta Another One Bites the Dust, waƙar da ta hau mataki na ɗaya a Amurka a 1980. Ku cire kiɗan bas ɗin nan daga cikinta ku gaya mini abin da ya rage. I Want to Break Free ma alƙalaminsa ne. Harkar kuɗin ƙungiyar kuwa, shi ne mai sa ido a kai. Wannan ne ɗan rakiya?

Na san abin da wasu za su ce: ai ya watsar da abokansa, Brian May da Roger Taylor mai ganga suna ta zagaya duniya, shi ya shige gida ya rufe ƙofa. To sai me? Su sun ga za su iya ci gaba, suka hau dandamali da mawaƙi Paul Rodgers, daga baya da mawaƙi Adam Lambert, ba na zarginsu. Shi kuma zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Freddie Mercury, babban mawaƙin ƙungiyar, ya rasu a Nuwamban 1991, kuma duk wanda ya bi tarihinsu ya san mutuwar ta daki John ƙwarai. Ya daure ya yi wasan tunawa da shi a Wembley a 1992, ya yi na ƙarshe a Paris a farkon 1997 tare da Elton John, daga nan ya ce ya isa. Ko bikin karrama su da aka yi a Amurka a 2001 bai je ba. Ina laifi a nan? Dole ne sai mutum ya tsufa a gaban fitilu kafin ku yarda yana da daraja?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bai fito ya zagi kowa ba. Bai yi ta yawon gidajen talabijin yana tona asirin abokai ba, bai hana su amfani da sunan ƙungiyar ba. Matar da ya aura a 1975 ita ce dai matarsa, 'ya'yansu shida. Mutum ya samu suna da dukiya, ya ce iyalinsa sun fi masa tafi da ihu, ku kuma kuna neman sai ya fito ya yi muku bayani. Bai ci bashin kowa ba. Ku ƙyale shi.

Ni ina ma zargin yawancin masu raina 'yan bas ba su taɓa jin bas ɗin ba. Da sifikar waya kuke saurare, ita kuwa ba ta iya fitar da amo mai kauri, sai muryar mawaƙi da ƙarar jita kawai ke isowa kunne.