Yadda Na Biya Kuɗi Aka Rage wa Babur Kyau

Duk faɗin Katsina babu mai sana'ar hannun da zai yarda ya yi maka aikin da bai kai iyawarsa ba, ko da kai ka roƙa, ko da kuɗinka ne. Ni kuwa roƙon da na yi ta yawo da shi ke nan daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa: a taimaka a mayar mini da babur baya, can zamanin da roba ta yi wuya, fitila ba ta haske, fenti ba ya ƙyalli. Har yanzu akwai garejin da in na gifta yaran ke zungurar juna.

Babur ɗin gado ne. Lokacin da aka tashi rushe tsohon ɗakin kakanmu a Daura don a yi na siminti, sai aka tono shi a ƙarƙashin tabarmi da tsofaffin ƙwarya, kaji sun daɗe da mayar da shi akurki. Kakan namu yana cikin mazan jiya da Turawa suka kwasa zuwa Bama a yaƙin Hitila, lokacin da aka tura runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a 1943 da 1944, kuma a gida ana cewa a gwanjon kayan soja ya saye shi bayan an sallame su. Ko da na isa, mai gwangwan ya riga ni, har ya rataye sikelinsa a reshen dalbejiya. Na sa gefen riga na goge jikin injin, sai ga haruffa uku: BSA. Na ce ba a sayarwa. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, ɗauki abinka, amma ka biya mu kuɗin kilo." A nan kashe kuɗi ya fara, ban ko taɓa sufana ba.

Samfurin M20 ne, na kamfanin ƙera bindigogi na Birmingham a Ingila, shi ya sa tambarinsu bindiga uku ne a jingine. Sun ƙera wa sojoji wajen 126,000 a lokacin yaƙin, duk da bama-baman da Jamus ta zuba wa masana'antar tasu a watan Nuwamba na 1940. Silinda ɗaya gare shi, cc 496, bawul a gefe, ƙarfin doki 13. Wato injinsa ya ninka na Boxer ɗin 'yan acaɓa kusan sau biyar, amma wajen gudu ba ya nuna musu komai. Masu kai saƙo tsakanin rundunoni suka fi hawansa, kuma abin da aka so shi da shi ke nan: ba ya sauri, ba ya kuma saurin mutuwa.

Na kai shi wajen wani dattijon bakanike wanda aka ce tun zamanin Honda Benly yake cikin baƙin mai. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce, "Malam, abu mai sauƙi. A fidda wanga inji a aza mashi na Jincheng, gobe da la'asar ka hau abinka."

Na ce, "Baba, ai yadda aka ƙero shi nake so ya koma. Ko noti ɗaya ban yarda a sa na zamani ba."

Ya ce, "Mi ya yi maka zahi haka?"

Noti ɗin ne ma ya fara ba mu kunya. Yaron gareji ya ɗauko sufana mai lamba 13, ta ƙi shiga. Ya ɗauko 14, tana ta sulluɓewa tana cin kan notin. Ashe awon Ingilishi ne na da, wanda wani injiniya mai suna Whitworth ya tsara tun 1841, kuma kan wannan noti ya ɗara milimita 13 da ɗan kaɗan, daidai inda zai raina sufanun garin nan gaba ɗaya. Ina cikin duba waya ina karanta wannan bayani, na ɗaga kai sai na ga yaron ya saita kurfi a kan notin ya ɗaga guduma sama. Ban san lokacin da na yi tsalle na rungume babur ba, hulata ta faɗa cikin kwanon baƙin mai. Sai a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo sufanun, a wajen wani tsoho mai tarkacen motocin Bedford, wanda da ya ga yadda idona ya ƙyalla sai ya tuna cewa ashe shi ma kayan gado ne a wurinsa.

A wajen neman kaya na haɗu da wani dattijon Bature a Ingila mai sayar da tsofaffin kayan irin waɗannan babura, muka koma magana ta WhatsApp. Mutumin nan, Allah Ya shirye shi, shi ya ƙarasa ni. Na tura masa lambar da ke jikin firam, ya ce babur ɗina na 1943 ne. Ni kuwa a lokacin na sayi robobin hannu da na matakin ƙafa sababbi fil, na ɗauki hoto na tura masa ina jiran yabo. Ya ce in cire. Wai tun da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942 roba ta yi wa Ingila wuya, aka koma naɗe hannun babur da tamfol, matakin ƙafa kuma ƙarfe tsirara. Haka na ɗauki kan babur a kafaɗa na tafi wajen mai ɗinkin tamfol. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a tsanake, "Alhaji, in kuɗin roba ne babu, ɗari biyar ce, ni sai in cika maka."

Kafireto kuwa Amal ce, mai ɗan kofin mai a gefe, da wani maɓalli a sama wanda sai ka danna shi har fetur ya tumbatso ya zubo ƙasa kafin a tada inji. Ranar da na nuna wa Baba bakanike haka, a wannan tsadar mai, ya riƙe baki ya ce lallai Turawan da ba su san ciwon kuɗinsu ba. Wuta kuma ba ruwanta da batir wajen tashi, daga maginetan Lucas take zuwa, da ɗan janareto a kansa mai ba fitila bolt 6. Wannan sai da aka aika Ingila aka sake naɗa wayarsa, aka biya da fam. Uwargida ta ga saƙon banki kafin ni. Ba ta ce komai ba, illa dai daga ranar miyar gidanmu ta koma kuka ba nama, wai ita ma ta koma zamanin yaƙi.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya faru wajen mai fenti.

Ni a zatona kayan soja kore ne. Baturen ya ce a farkon yaƙi kam kore ne, amma daga wajajen 1942 sojan Ingila sun koma fenti ruwan ƙasa, sai a 1944 aka sake komawa wani koren. Nawa na 1943, saboda haka ruwan ƙasa, kuma dusasshe, don kada rana ta haska shi abokan gaba su hango. Na kai wa mai fenti samfurin kalar. Mutum ne da ake ji da shi, motocin manya yake fesawa. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Yallaɓai, ni hwa sunana zai ɓaci. In aka ce daga shagona wanga abu ya hito, wa zai ƙara kawo mani aiki?" Da ƙyar da magiya ya karɓa.

Ranar ɗauka na tarar an lulluɓe babur da zane, yara sun jeru suna murmushi. Ya yaye zanen da kansa. Babur na walƙiya, har ina ganin haƙorana a jikin tanki. Ya fesa kalar da na ce, amma zuciyarsa ta kasa, sai ya bi ta da man ƙyalli har hawa biyu, ya ja siririn layin ruwan zinari a gefen tanki, a murfin tayar baya kuma ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce". Ya ce wannan duk gyara ne, ba zai karɓi ko kwabo a kai ba. Na rasa ta inda zan fara. Ƙarshenta na yi godiya, na yi addu'a, sannan na biya shi kuɗin samfefa da na sabon fenti don ya kankare alherin da ya yi mini. Yana kankarewa yana tsaki, bai kuma ƙara amsa sallamata da fara'a ba.

Da na kawo shi gida, uwargida ta fito ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ba kalar da aka kawo shi daga Daura ke nan ba?" Na ce wancan tsatsa ne, wannan fenti ne. Ta ce, "To, Allah Ya sa kai kana gane bambancin."

Tada shi kuma karatu ne. A buɗe mai, a danna maɓallin kafireto, a ja wata liba a hannu a jinkirta wuta, a ɗaga bawul da wata libar, a lallaɓa fistin ya ɗan wuce ƙololuwa, sannan a saki nauyin jiki gaba ɗaya a kan kik. Ranar gwaji rabin unguwa sun fito, har da mai shayi ya bar tukunyarsa. Libar jinkirta wutar nan ita ce ran abin, domin in wuta ta riga fistin isa sama, inji baya zai juya. Ina cikin gaisawa da jama'a, ashe wani yaro ya mayar da ita inda ya ga ta fi kyau. Na ce bismillah na taka. Babur ya rama. Takalmina ya tashi ya tsallake katangar maƙwabci, ni kuma na tsinci kaina zaune a ƙasa ina riƙe da idon sawu. Maɗori da ya zo ya tambaya ko doki ne, na ce kusan haka, na Ingila. Ya ce shi ya sa, ba su da tarbiyya.

Da ƙafa ta warke ya tashi, kuma gaskiya ranar na ji daɗin da ban iya kwatantawa. Ƙararsa ba irin ta baburan yanzu ba ce masu kukan sauro. Dum, dum, dum yake yi, kana iya ƙirgawa. Baba bakanike da kansa ya cire hula ya ce, "Ashe shina da rai."

Na hau da yamma na nufi wajen filin folo na Ƙofar 'Yanɗaka. Baya ba shokozoba ko ɗaya, ƙarfe ne zalla daga sirdi har taya, sai sifirin biyu a ƙarƙashin mazauni, saboda haka duk wani rami da ke hanyar nan sai da ƙashin bayana ya gaisa da shi. Wani ɗan acaɓa ɗauke da mata biyu da buhun gero ya wuce ni, ya waiwayo ya ce, "Baba, a tura ne?" Sai kuma babbar magana: a baburan Ingila na da, giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin duk abin da ƙafafuna suka saba tun ina saurayi. Wata akuya ta yanko titi. Ƙafar dama ta yi abin da ta sani, ta taka. Babur ya canza giya ya ci gaba abinsa. Akuya ta tsira. Mai kankana da ya jera kayansa a bakin hanya bai tsira ba.

Mutumin kirki ne, sai da ya tabbatar ban karye ba kafin ya fara ƙirga. Waɗanda suka fashe nawa ne, waɗanda suka tsage nawa ne, har da waɗanda ya ce sun firgita ba za su kai gobe ba.

Kafin mu gama lissafi magariba ta yi. Fitilar kuwa na sa mata murfin ƙarfe irin na lokacin yaƙi, mai 'yar tsaga, wanda aka yi don kada jiragen sama su hango haske, kuma na biya kuɗi mai kyau kafin in same shi. Yana aikinsa sosai: jirgi ba zai gan ni ba, ni ma ba na ganin hanya. A haka na faɗa shingen jami'an tsaro, babur kalar soja, da lambar soja mai farawa da C a jikin tanki, buhun fasasshiyar kankana ɗaure a baya. Wani matashi a cikinsu ya haska ni da tocila ya ce, "Kai, wace bataliya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, an rushe ta tun kafin a haifi babanka." Babbansu ya zo, na ba shi labari tun daga Bama har Daura, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in tada shi ya ji. Babur ya ƙi. Su uku suka tura ni har ya kama, suka raka ni da shawarar in sayi fitilar caji in ɗaura a goshi. Kankanar kuwa a nan ta kwana.

Washegari na wanke shi, na jingine shi a zaure da faranti a ƙarƙashi saboda ɗigar baƙin mai, na ɗauki hoto ta kowane gefe na tura Ingila. Baturen ya yaba ƙwarai, ya ce aiki ya yi kyau. Can sai ga wani saƙon: ya faɗaɗa hoton, ya ga notuna biyu a murfin tayar baya suna ƙyalli, alamar na zamani ne, kuma yana da na asali in ina so, fam kaza ban da kuɗin aikowa.

Na je na karanta wa Baba bakanike, domin shi ne ya ɗaura notunan a ɓoye. Ya ci gaba da wanke fulogin da ke hannunsa, ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Ka ce mashi ya taho ya kwance da kanshi. Sufanar na nan."