Wanda bai tsaya a rana ba, ya daina yi wa 'yan matan nan hisabi

Hoton nan da ake ta yawo da shi daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, na 'yan matan ƙwallon raga na wata makaranta a nan arewacin Kamaru suna kuka bayan an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, ya isa haka. Wanda ya ɗauki hoton bai yi laifi ba, domin abin da ya faru ya ɗauka. Laifin yana wuyan waɗanda suka rubuta maganganun da ke ƙarƙashinsa, manyan mutane masu gemu da iyali, waɗanda ko hanyar filin da yaran nan suke atisaye ba su sani ba, amma suka wayi gari sun zama alƙalai, wannan yana cewa sun zubar mana da mutunci, wancan yana cewa da ma an san za a rina, wani kuma, don ya nuna ya fi kowa hikima, ya ce su koma gida su koyi tuƙa tuwo. Madalla da wannan zurfin tunani. Kaka guda cur aka yi ana wasa, ba a ga ƙeyar ɗayanku a bakin fili ba, sai ranar da aka faɗi kuka fito da ra'ayi kamar an aiko ku.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ta gundure ku: wanda bai je ya tsaya a rana ya kalli wasa ko ɗaya ba, ba shi da bakin yanke wa kakar nan hukunci. Ba a auna aikin watanni da hoton daƙiƙa ɗaya.

Ni na je, ba don na fi kowa son wasanni ba, sai don 'yar ƙanwata tana cikinsu, kuma uwarta ta ɗora mini nauyin sa ido. Abin da na gani shi ne filin siminti wanda ya tsattsage, ragar da aka ɗinke da igiyar shanya a wurare da dama, da ƙwallaye 'yan kaɗan da suka yi sulɓi saboda tsufa. A kan simintin nan ake faɗuwa a tare ƙwallo. Wanda ya san wasan ya san cewa akwai mai tsaron baya da ke sa riga mai launi daban, wadda ake kira libero, wadda aikinta kusan duka shi ne ta jefa jikinta ƙasa kafin ƙwallo ta taɓa fili. Yarinyar da ke riƙe da wannan matsayi, ƙarama ce a jiki, gwiwoyinta da gwiwar hannunta ba su taɓa warkewa ba tun farkon kaka, domin safar gwiwa guda biyu ce take yawo tsakanin mutum uku. Na gan ta ta tashi daga ƙasa, ta tsinke ledar ruwa da haƙori, ta zuba a kan ciwon, ta goge da gefen hijabinta, ta koma wurinta kafin alƙali ya busa. Wannan ce ake cewa ta zubar mana da mutunci. Wane mutunci kuka ajiye a wurinta da har za ta zubar?

Kowa ya san zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 kuma siminti ba ya takuwa da rana. Saboda haka atisayensu bayan sallar asuba ne, kafin a shiga aji, ko kuma dab da magariba idan haske ya rage. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin wannan zafin yake faɗowa, kuma masu azumi a cikinsu ba su ajiye ba, ba su kuma daina zuwa fili ba. Kuɗin kalando, wato babur ɗin haya, zuwa da dawowa daga aljihunsu yake fita. Ina masu sharhi a wannan lokacin? Suna ƙarƙashin fanka, in akwai wuta.

To sun faɗi, ba wanda ya musa. Amma ku tambayi yadda aka faɗin, tunda ba ku gani ba. Wasan ƙwallon raga zango biyar ne idan ya yi tsanani, huɗun farko ana zuwa maki 25, na biyar kuma 15, kuma dole a ci da ratar maki biyu. Sai da aka kai zango na biyar kafin a raba gardama. Yaran da suka saba buga ƙwallo a sarari, inda iska take taimakonka ko ta cuce ka, aka shigar da su zaure mai rufi da fitilu a sama, inda ƙwallo take tahowa tana lilo ba tare da juyawa ba, irin bugun da sai wanda ya saba yake iya karanta inda za ta sauka. A wasan nan taɓawa uku kawai ƙungiya take da ita: mai tarba, mai ɗagawa, mai dukawa. Idan tarbar farko ta lalace, mai ɗagawa sai ta bi ƙwallo da gudu, mai dukawa kuma ta samu abin da ba za ta iya saukewa a kan ragar da tsayinta ya kai mita 2.24 ba. A nan aka ci su, a tarbar farko, kuma ba don lalaci ba ne, don ba su taɓa samun irin wannan zaure su yi atisaye a ciki ba ne. Ga kuma benci babu kowa na kirki. Doka ta yarda a yi canji har shida a kowane zango, abokan karawarsu suna ta sauya gajiyayyu da masu sabon jini, namu kuwa kusan mutum bakwai ɗin da suka fara su ne suka ƙare. Wanda ya kalli wannan da idonsa zai ce an yi ƙoƙari. Wanda ya kalli hoto a waya yana kishingiɗe zai ce an ji kunya. Shi ya sa nake cewa wanda bai je ba ya yi shiru.

Na san za a ce mini ai maganar sutura ce, ba maganar ci ko faɗuwa ba. Wannan ita ce mafakar da ake gudu a shiga duk lokacin da hujja ta ƙare. Ku koma ku dubi hoton da kuke yaɗawa da hannunku: Musulman cikinsu dogon wando ne a jikinsu, da riga mai dogon hannu, da ɗan hijabi, a cikin zafin da ku ko babbar riga ba ku iya sawa. Ba su ne farau ba. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, 'yar Masar Doaa Elghobashy ta buga ƙwallon raga ta bakin teku da hijabinta a gaban duniya, ba a hana ta ba. Kuma abin dariya, mu ɗin nan ne muka cika titunan Garwa da ihu a 2022 lokacin da ɗanmu Vincent Aboubakar ya ci Brazil a Katar, ya tuɓe rigarsa tsaf a gaban kyamarorin duniya har aka ba shi jan kati. Ban ji wanda ya yi wa'azin tsiraici a daren nan ba. Ƙari a kan haka, a wannan wasan ne aka fitar da mu tun a zagayen rukuni, amma muka kwana muna murna, muka ce an fita da daraja. Namiji ya faɗi a matakin farko ya zama gwarzo, mace ta faɗi a kusa da na ƙarshe ta zama abin kunya. Ban ga laifin Aboubakar ba, ina son sa kamar kowa, ma'aunin naku ne nake tuhuma.

Masu cewa wasa yana hana karatu kuwa, ban san wace amsa suke so ba. Ba a buga wa makaranta wasa sai da katin ɗalibta, kuma wadda nake sa wa ido ba ta taɓa maimaita aji ba. Da dare, bayan ta jiƙa yatsunta da suka kumbura a ruwa, littafi take ɗauka. Na taɓa ce mata ta huta, ta ce, "Kawu, in na faɗi jarrabawa, ba ni za a zaga ba, ƙwallon za a zaga." Yarinya ta fahimci mutanenta fiye da yadda suka fahimci kansu. Mu wuce wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jahilcin da ke tattare da rainin. Mutum ya zauna yana cewa ƙwallon raga ta mata wasan banza ce da ba ta kai kowa ko'ina, alhali a ƙasar nan tamu ta Kamaru babu ƙungiyar ƙasa da yawa da suka kawo mana abin da matan ƙwallon raga suka kawo. Sun ɗauki kofin Afirka a 2017 a Yawunde, suka sake ɗauka a 2019 a Alƙahira, suka ƙara a 2021 a Kigali, sau uku a jere, kuma kowane karo Kenya suka doke a wasan ƙarshe, Kenyar da ta daɗe tana mulkin wannan wasa a nahiyar. Sun je Olamfik ta Rio a 2016. Ɗaya daga cikinsu, Laetitia Moma Bassoko, ta yi wasa a Faransa, ta wuce Koriya ta Kudu, inda a 2024 ƙungiyarta ta ɗauki kofin ƙasar kuma aka zaɓe ta gwarzuwar wasannin ƙarshe. Da wannan wasan take ci take sha. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, yaushe 'yar Garwa ko Marwa ko Ngaundere ko Kuseri za ta sa wannan rigar ta zama ita ake kira? Dogayen 'yan mata ba su ƙare mana a arewa ba, kowa ya san haka, har ma mun fi wasu. Abin da muka rasa shi ne fili mai kyau, da mai horarwa da ake biya, da iyayen da za su ce je ki Allah ya ba da sa'a. Sannan ga zaurukan WhatsApp da ke jiran ta zame su yi dariya.

Ba kuma za mu ce wasannin ba su zo ƙofar gidanmu ba. Wasannin jami'o'i na ƙasa an yi su a Marwa a 2018, an yi a Ngaundere a 2023, an yi a Garwa a 2024. Ɗalibai daga Yawunde da Duwala da Buya da Cang suka hau jirgin ƙasa da motoci suka zo har nan, aka yi kwana da kwanaki ana wasa. Masu sharhinmu na yau sun je bikin buɗewa don a ga manya a ga kaya, wasu sun leƙa ƙwallon ƙafa, amma ranar wasan mata na ƙwallon raga sai ka iske ɗalibai ne kawai da masu sayar da ruwa. Idan har da wasa a unguwarku ba ku je ba, da wane ido kuke hukunci?

Ina faɗin wannan da gaske, ba da gatse ba: kukan da yaran nan suka yi shi ne abin da ya fi burge ni a kakar gaba ɗaya. Ba a kuka a kan abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba. Sun yi kuka ne domin sun ga wasan ƙarshe da idonsu, maki biyu ya raba su da shi, kuma wasu daga cikinsu wannan ce shekararsu ta ƙarshe a makaranta, ba za su sake sa rigar ba. A cikinsu akwai Bahaushiya, akwai Bafillatana, akwai 'yar Tupuri, akwai 'yar Mundang, Musulmi da Kirista, suna kiran ƙwallo da Faransanci suna zolayar juna da Fillanci, suna cin abinci a kwano ɗaya a hanyar tafiya. Mu manya da muke ta taron zaman lafiya a otal-otal ba mu kai su ba. Sai ga shi abin da za mu iya ba su kawai shi ne mu yi ta tura hoton hawayensu da alamar dariya a ƙasa.

Ba na roƙon kowa ya so wasan. Wanda ya ga bai dace 'yarsa ta yi ba, gidansa ne, ba wanda zai shiga masa. Amma 'ya'yan wasu, waɗanda iyayensu suka yarda, suka sa musu albarka, a bar su su sarara. Mai son ya yi magana a kan kaka mai zuwa, ƙofa a buɗe take, ba a karɓar ko sisi a bakin fili. Ya zo da hularsa ya tsaya daga farkon wasa zuwa ƙarshe, ya ga yadda ake faɗuwa a kan siminti, sannan ya koma ya rubuta abin da ya ga dama, ni da kaina zan karanta har in amsa masa da ladabi. In kuma yana da hali ya riƙo ƙwallo ɗaya sabuwa, ko safar gwiwa, ko katan ɗin ruwa, ya fi dogon sharhi amfani.

Sai dai in gargaɗe shi ya zo da lema, domin inuwar da 'yan kallo suke fakewa a cikinta babu ita yanzu. Bishiyoyin dalbejiya da ke gefen filin an sare su a tsakiyar kakar nan, an ce za a gina shaguna, kuma har yau ban ga komai ba sai tulin yashi da bulo 'yan kaɗan. Wannan ɗabi'a ta sare itace ta zama mana ciwo a garuruwan nan. Iyayenmu ne suka dasa irin waɗannan bishiyoyi tun zamanin shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo, lokacin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, 'yan makaranta suna ɗaukar ruwa a bokiti suna ba su, shi ya sa Marwa take da titunan da mutum zai bi a inuwa da tsakar rana. Yanzu kowa ya samu ɗan fili sai ya fara da gatari, bishiyar da ta shekara arba'in a kayar da ita kafin azahar, a sayar wa masu gashin nama itacen, sannan a dawo ana kukan zafi ya yi yawa bana. Wanda ya ba da izinin saran nan ma ina da magana da shi, amma wannan sai wani rubutun.